Ranar da Nelson Ya Yarda

A duk faɗin kudancin Kaduna babu mutanen da suka fi na Tudun Kanya wuyar yaudara. Su da bakinsu suka tabbatar wa Insfekta Yafet Kambai haka, ranar da ya zo daga Kafanchan binciken yadda wani baƙo ya tafi da buhu talatin da bakwai na irin cittarsu.

Irin na matan zumuntar coci ne, shi kaɗai ya tsira daga cutar da ta ruɓar da gonaki bara. Ruwan farko ya sauka. In ba a shuka cikin mako biyu ba, sai baɗi.

Shugabar zumuntar, Mama Keziya, ita ta kai ƙara, amma ta ƙi a kira mutumin ɓarawo. A cewarta Dokta Leonard ya zo ran Lahadi bayan sujada, ya ƙi kujerar manya ya zauna a benci. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, cutar ta cinye gonar uwarsa, har yana share ido. Ofishinsu, in ji shi, na wanke iri da magani kyauta a dawo da shi cikin kwana uku. Yau kwana tara.

"Ya roƙe ku irin?"

"Ko kaɗan, ɗana. Shi ya ce buhu goma kawai zai iya ɗauka. Mu ne muka roƙe shi."

Insfekta ya rubuta wannan, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ba don zai taimaka ba.

Shaidu shida ya ji a gindin mangwaro, duk shidan sai ka ce lauyoyin wanda ake zargi ne. Ɗaya ta yaba takalminsa mai ƙura. Wata ta ce ya ƙi karɓar kaza. Dattijon ikilisiya Abednego ya rantse bai taɓa amincewa da shi ba, sai aka tuna masa shi ya yi wa motar da ta kwashi irin addu'a.

Amma kowa ya ƙare da magana ɗaya: ai har Nelson ya yarda.

Nelson tsohon malamin firamare ne. Shekara ashirin yana ƙin duk abin da aka kawo: sabon rufin coci, rijiyar burtsatse, canjin lokacin sujada. Rannan ma ya miƙe ya tsare baƙon da tambayoyi har mata suka ji kunya. Ya karɓi katinsa, ya fita ya kira lambar ofishin, ya dawo kafin a gama waƙa ɗaya ya ce gaskiya ne. Mama Keziya ta fara ba da nata, sauran suka bi.

Insfekta ya ciro waya zai gwada lambar. Babu sabis. Ya zagaya cocin yana ɗaga hannu sama, matan suna kallonsa da tausayi. Wata ta ce sai ya hau dutsen bayan makaranta, nan kaɗai waya ke kamawa a garin.

Minti ashirin da biyar ya yi yana hawa. Lambar a kashe take. Ya zauna yana haki, ya dubi rufin cocin can ƙasa, ya daɗe yana dubansa.

Ya sami Nelson a ƙofar gida yana gyaran rediyo.

"Malam, a ina ka tsaya ka yi kiran?"

"Bayan coci, Oga."

"Bayan coci waya na kamawa?"

Nelson ya ce wani lokaci iska kan kawo sabis. Insfekta ya ce to su je su jira iskar tare, amma kafin nan a ba shi wayar. Babu kira ko ɗaya ran Lahadi. Akwai huɗu ran Alhamis ɗin da ta gabace ta, duk zuwa lambar da ke kan katin.

Nelson ya ajiye sukundireba. Ya ce a tasha suka haɗu da Dokta a Kachia. Shi ya gaya wa mutumin ya guji kujerar manya, ya ambaci uwarsa, kada ya taɓa kaza. Tambayoyin ma tare suka tsara su. An yi masa alkawarin kaso, kuma tun ranar wayar ba ta sake shiga ba.

"Shekara ashirin ina ce masu a'a, ba wanda ya taɓa ji," in ji shi. "Sau ɗaya na ce i."

Da aka fito da shi, wata ta tambayi Insfekta ko kama Nelson zai sa Dokta ya yi fushi ya ƙi dawo da irin. Insfekta ya san cittar ta daɗe da hawa tirela. Ya sa Nelson a bayan mota, ya ce za a ci gaba da bincike, kalmar da shi kansa bai taɓa jin ta haifi buhu ba.

Washegari da safe Mama Keziya ta hau acaba zuwa gidan ƙaninta a Zonkwa, ta dawo da buhu biyu da ya tausaya ya ba ta don gonarta. Ta zazzage su a barandar coci, ta aika a kira matan ɗaya bayan ɗaya, tana auna wa kowacce da kwano. Da ta gama ta kakkaɓe buhunan, ta ninke su, ta tafi gida.