Mai Jitar da ke Bangon Faifai

Ranar da Zulaihatu ta fara ganin Sada, dariya ya ba ta. Tsakar rana ce a watan Mayun 2014, a tashar mikrobas, ƙananan motocin haya, ta unguwar Hay el-Sabi' a Alƙahira, zafi kamar a bakin murhu. Ga saurayi dogo a tsaye, gumi na tsiyaya daga goshinsa, ga lema a hannunsa, amma wani faffaɗan kwali da ya rungume yake yi wa inuwa, kansa kuwa yana rana.

Ta ɗauka ɗan Sudan ne, sai ta ce a fili da Hausa, "Ikon Allah! Kwali a inuwa, mutum a rana."

Ya juyo yana murmushi. "Ni in na sha rana ruwa zan sha in warware, 'yar'uwa. Wannan in ya lanƙwashe, khalas, shi ke nan."

Kunya ta rufe ta, har ta ja gyalenta ta kare baki. Sai ga shi mota ɗaya suka shiga, kuma kafin su kai Abbasiyya ta san abin da ke cikin kwalin: faifan garmaho ne, irin baƙin nan mai faɗi na zamanin iyayenmu.

Sada ɗan Funtuwa ne. Ya gama karatunsa ya tsaya a Alƙahira yana yi wa marasa lafiya da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci. A shagon kawunsa mai gyaran rediyo ya kamu da son kiɗan Turawa na da mai suna rok, ciwon kuma bai sake shi ba. Duk tsohon kundin da ya cika shekara talatin ko arba'in aka sake tace sautinsa aka buga sabo, sai Sada ya yi odarsa, ko da zai yi wata guda yana cin dafaffen waken ful da burodi. Sittin da uku ya tara, kowanne cikin rigarsa ta leda, a tsaye, ba a kwantar da su.

Ita kuwa Zulaihatu autar Alhaji Ya'ƙub Dilimi ce, ma'aikaci a ofishin jakadancin Najeriya, tana shekarar ƙarshe a karatun harhaɗa magunguna. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Salam. Kwalin ya isa gida lafiya, yana gaishe ki. Mai shi ne dai bai dawo daidai ba."

Ta amsa: "Allah ya ba shi lafiya. A gaya masa gobe ya yi wa kansa lema."

Daga nan ta sa masa suna Mai Lema, shi kuma yake ce mata Autar Zuciya. Wata huɗu suna haka, soyayya ta yi nisa har Umma ta gane. A watan Satumba aka ba shi izini ya zo gaisuwa gidansu a Ma'adi. Alhaji mutum ne mai kamewa, farin gemu, da wani tsohon tabo da ya raba girarsa ta hagu biyu. Shi ke jan sallah idan 'yan Najeriya suka taru, ɗalibai kuma Malam suke ce masa. Ya yi wa Sada tambayoyi, ya ce zai bincika, ya ƙara da cewa lokaci ya ƙure: ranar ashirin ga Disamba zai yi ritaya ya kwashe iyalinsa su koma Jos.

To, ana cikin wannan binciken ne Sada ya tafka ta'asa da hannunsa.

Wani faifai ya iso masa a ƙarshen Nuwamba, na wata ƙungiya mai suna Tsawa, samarin Jos da suka yi kundi ɗaya tak a 1974 suka ɓace. Wani kamfani a Turai ya gano tef ɗin asali ya fitar da bugun cikar shekara arba'in, faifai biyu a bango ɗaya. Sada ya buɗe bangon, sai ya ci karo da wani hoto. Ga wani saurayi da tulin gashi da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, jita a rataye, girar hagu a rabe biyu. A ƙasa an rubuta Jake Dilimi, aka kuma ce har yau ba wanda ya san inda yake.

Da ya tsaya ya yi tunani na minti biyar, da ba a kai ga haka ba. Ina! Zumuɗin masu tara faifai ya kwashe shi. Ya shiga dandalinsu na intanet ya rubuta cewa Jake yana raye, yana Alƙahira, har da sunan wurin aikinsa. A ransa gani yake ya karrama surukinsa.

Kwana uku aka yi wayar ofis tana ruri, Turawa na neman Jake. Sagiru, wani ɗalibi da ya daɗe yana son Zulaihatu ba ta kula shi ba, ya buga hoton a takarda ya yi ta nuna wa mutane bayan sallar Juma'a. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Alhaji ya dawo gida bai ci abinci ba, magana ɗaya ya yi: kada ya sake jin sunan yaron nan a gidansa.

Saƙon Zulaihatu ya fi komai yi wa Sada ciwo.

"Sagiru ya ce faifan da mai shi ya sa wa hannu ya fi daraja a wurinku. Ashe sa hannun Abba kake nema, ni hanya ce kawai. Ka tozarta min uba a gaban ɗalibansa. Kada ka sake kirana."

Ya kira sau goma sha ɗaya, wayar a kashe. Ya rubuta:

"Wallahi tallahi ban san shi ba ne sai ranar da faifan ya zo. Na goge rubutun. Na yi wauta, na yarda, amma ban taɓa yi miki ƙarya ba. Saura kwana goma sha tara ku tafi. Autar Zuciya, don Allah ki ce wani abu, ko zagi ne."

Ba ta kunna wayar ba, balle ta karanta.

Sada ya zama abin tausayi. Ya tura shugaban ɗalibai ya ba da haƙuri, aka sallame shi daga bakin ƙofa. Ya tura wani dattijo ɗan kasuwa, Alhaji ya ce masa a bar maganar. Kullum bayan la'asar sai ya je ya tsaya a ƙarƙashin bishiyar da ke kallon benensu, har bawwab, mai gadin gidan, ya gaji ya riƙa miƙo masa shayi yana cewa ma'alish, wato ya yi haƙuri. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Rannan a asibiti likita ya yi magana, ya tsaya yana kallonsa ya manta shi ne tafintan.

Zulaihatu ma ba barci take ba. Tana ganinsa ta bayan labule, ta koma ta kifa kai a filo. A rana ta goma sha ɗaya Umma ta same ta a ɗaki ta zauna a bakin gado.

"Auta, yaushe kuka haɗu da yaron nan?"

"Watan Mayu, Umma."

"Faifan kuma yaushe ya fito?"

Sai hawaye suka zubo wa Zulaihatu.

"To kin gani. Wawa ne, amma ba macuci ba ne. Abbanki kuma ba dariyar yara ce ta kwantar da shi ba. Yana da ƙane, Jibrin, shi ne mai waƙar. Abbanki ne ya ja shi cikin kiɗan, Innarsu tana hanawa. Sati uku da ɗaukar kundin motar kayansu ta kife a hanyar Bukuru, Jibrin ya rasu yana shekara goma sha bakwai. Abbanki ya ƙone komai, har hotuna. Faifan nan ko sau ɗaya bai taɓa jin sa ba."

Da Umma ta fita, Zulaihatu ta kunna wayarta.

"Mai Lema, ban huce ba. Amma gaya min gaskiya, akwai muryar wani Jibrin a ciki?"

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar. "Akwai. Waƙa takwas. A faifai na biyu kuma akwai inda yake magana kawai, yana dariya. Na gode da kika yi min magana, wallahi na ɗauka mutuwa zan yi."

Washegari bayan azahar ta durƙusa a gaban mahaifinta. Falon cike yake da akwatuna da kwalaye, an fara ɗaure kaya.

"Abba, ku yafe min in na yi rashin kunya. Ina da Baffa, ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban taɓa jin muryarsa ba. An ce tana nan a garin nan. In mun tafi, shi ke nan."

Alhaji ya ɗago ya kalle ta. Ta ɗauka tsawa zai daka mata. Sai ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya sauka. Ya tsallaka titi har gindin bishiyar, inda Sada ya zube ƙasa yana gaishe shi.

"Tashi. Ina abin yake?"

"Yana ɗakina, Baba. Da shi da sauran duka, in kun ce a fasa, yau zan fasa."

"Ni zan fasa nawa da hannuna. Tare mana tasi."

Tasi ta kai su Hay el-Sabi', inda ɗakin Sada yake. Hawa biyar ne babu lif, dattijon ya hau yana hutawa. Sada ya ɗauko faifan da hannu biyu ya miƙa. Alhaji ya buɗe bangon, ya wuce hoton kansa ko kallo bai yi ba, ya tsaya a kan wani siririn yaro mai wushirya da ke riƙe da makirufo. Ya sa babban yatsa yana shafa fuskar.

"Ka san abin da ka yi min? Kabari ka tone, ka ɗora a intanet don abokanka su tafa maka."

"Na sani, Baba. Ba ni da abin cewa."

"An ce yana magana a ciki."

"E, Baba."

"Sa min. Sau ɗaya."

Sau biyu allurar garmahon tana kuɓuce wa Sada. A na uku ta zauna. Aka ji 'yar ƙara, aka ji wani yana gyara wayar jita, sai wata murya ta yaro ta cika ɗakin, tas kamar yana bayan ƙofa.

"Yaya, don Allah mu yi ta sau ɗaya mu tafi. Inna ta yi dambu, in muka daɗe su Husaina za su cinye."

Wani ya amsa daga nesa, "To ka daina dariya mana!" Yaron ya sake fashewa da dariya.

Alhaji ya zame ya zauna a ƙasa, a kan tabarma. Wannan mutum da ɗalibai ke tsoron haɗa ido da shi ya rufe fuska da hularsa yana kuka, kafaɗunsa na girgiza. Sada ya juya baya ya fuskanci bango, shi ma hawayen yake.

"Na manta muryarsa," in ji Alhaji. "Shekara arba'in ina yi masa addu'a, wallahi na manta yadda take. Mayar."

Sau bakwai aka mayar. Da aka kira la'asar suka yi sallah tare a ɗakin, Alhaji ya ja. Bayan sallama bai juyo ba ya yi magana.

"Kai mai gaggawa ne, Sada, kuma bakinka ba ya riƙe abu. 'Yata kake so in bar wa mai irin wannan hali a ƙasar mutane?"

"Baba, na ɗanɗana abin da gaggawa ta jawo min. Ba zan ce na zama wani mutum daban cikin kwana goma sha biyu ba. Amma ina son ta, kuma in kuka tafi da ita ban san yadda zan yi ba."

Alhaji ya ja carbi har ƙarshe, sannan ya juyo.

"Kira kawunka a Funtuwa. Ya naɗa wakili a nan. Kwana bakwai gare ku."

Sada ya kama hannun dattijon ya kifa goshinsa a kai. Tasi na tashi da Alhaji ya zaro waya.

"Autar Zuciya, Abba ya amince! Ki zauna kafin ki karanta. Au, na makara."

Ta amsa: "Ina sujada, kada ka dame ni. Kuma saura ka je ka rubuta a intanet."

Ranar Juma'a, sha tara ga Disamba, aka ɗaura auren Sada da Zulaihatu a wani ƙaramin masallaci a Ma'adi. Ɗalibai suka cika shi har waje, Umma ta yi waina da miyar taushe da ta ishi kowa, bawwab ma ya zo da sabuwar jallabiya yana ta rabon dabino kamar ɗansa ne ango.

Washegari suka raka iyayen filin jirgi. Zulaihatu ta ƙanƙame Umma tana kuka. Sada ya matso da faifan a naɗe cikin tsumma mai laushi, ya miƙa wa surukinsa.

"Baba, naku ne."

Alhaji ya karɓa, ya riƙe shi a ƙirji na ɗan lokaci, sannan ya mayar masa.

"A'a. In na kai shi Jos ba zan iya fita daga ɗaki ba. Ya zauna a wurinku, ka fi ni sanin yadda ake kula da shi. Zan riƙa zuwa ina gaishe shi." Ya kamo hannun 'yarsa ya haɗa da na Sada a kan faifan. "Amana biyu na bar maka, autata da ƙanena. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. In ya ba ku namiji, kun san sunansa."

Suka ce amin. Suna tsaye hannu cikin hannu har dattijon ya shige, bai waiwayo ba, yana ta goge ido da gefen babbar rigarsa.