Mai Sunan Baba

Kwana tara da ɗaurin aurensu, Sailuba da angonta Maidawa suka ɗaure jaka biyu a bayan babur, suka bar Bagudo da hantsi. Maidawa ɗan kasuwa ne, yana saro kayan babur daga Jamhuriyar Benin, kuma ya yi mata alkawarin wata guda cur suna yawon amarci. Za su tsallaka iyaka, su bi ta Kandi har Kwatano, ta ga teku da idonta. To amma wa ya isa ya fita da amarya ƙasar waje bai kai ta gaida dangi ba? Zumunci a ƙafa yake, don haka suka ware ranar farko ta gaishe-gaishe.

Gida biyar suka shiga kafin la'asar. Ko'ina sai an zaunar da su, an dama fura, an kawo shinkafa da kifi, an sa albarka. Maidawa kuwa ladabinsa har ya so ya yi yawa. Ko akuyar gidan manya ya gani, sai ka rantse zai durƙusa mata. Gwiwoyin wandonsa sun yi jajir da ƙasa. Abokansa suka yi ta tsokanar amarya, wai ta faɗi sunan angon su ji, ita kuwa sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Abin nata ya wuce kunyar miji da aka sani. Maidawa laƙabi ne, don a kakar dawa aka haife shi. Sunansa na yanka Bunyaminu, sunan mahaifin Sailuba ke nan, masuncin da kwalekwalensa ya kife a kogin Kwara tana da shekara bakwai, ba a ko ga gawarsa ba. Tun da ta yi wayo sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. In dole ta kama ta kira mijin, sai ta ce Mai Sunan Baba.

Gida na shida shi ne na Gwaggo Dela a Lafagu, ƙanwar mahaifin ango. Tsohuwar ta dubi rana, ta dubi sabon lallen da ke ƙafar amarya, ta ce su kwana. Maidawa ya yi dariya, ya ce abokinsa Shamsu ya riga ya yanka musu kaji a wata tunga da ke bayan fadama, tafiyar minti ashirin ce kacal. Gwaggo ta yi, ta yi, ya ƙi. Sai ta ja Sailuba bayan rumbu.

"Ɗiyata, hwadamar ga ba ta son ango da almuru," ta ce a hankali. "In an gaishe ku, kak ku amsa. In kuwa sunka ja shi, babu abin da ka maido shi sai sunanai na yanka. Kin jiya?"

Sailuba ta gyaɗa kai. A hanya ta faɗa masa rabin maganar, ya ce tun yana yaro yake jin irinta. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Hanyar siririya ce, a kan tudun da ya ratsa tsakiyar fadama. Dama da hagu shinkafa ce tsaye cikin ruwa, iya ganinka. Rana ta taɓa ƙasa, hadari ya rufe sauran hasken. Ƙarnin taɓo ya cika hanci, kwaɗi na ta kuka ba ji ba gani. Sun kai tsakiya ke nan babur ya yi tari sau biyu ya mutu.

Maidawa ya sauka, ya duba mai, ya taka, ya sake takawa. Shiru. Sailuba na tsaye da jaka a hannu lokacin da ta lura kwaɗin sun daina kuka. Gaba ɗaya, a lokaci guda.

Sai ƙamshi. Turaren wuta ne, irin na ɗakin amarya, mai kauri, ya danne warin taɓo.

Can cikin shinkafa aka rangaɗa guɗa.

Mata ne a jere, sun fi ashirin, kowacce da kwano a ka kamar masu kai gara. Cikin ruwa suke tafiya, amma ba ka jin motsin ruwan, kuma ganyen shinkafa ko ɗaya bai kwanta ba. Sailuba ta fara karanta Ayatul Kursiyyu. Ta kama gefen rigar mijinta.

Ta gabansu tsohuwa ce doguwa, zanenta na ɗigar ruwa. Ta tsaya a gindin tudun, ta yi magana cikin sanyin murya.

"Ango, ka gaida na tudu dut. Mu ba ka gaishe mu ba?"

Mutumin da ya wuni yana durƙusa wa tsofaffi, jikinsa ya riga tunaninsa. Kafin Sailuba ta rufe masa baki gwiwarsa ta kai ƙasa.

"Ina wuni, Inna," ya ce.

Rigar ta zame daga hannunta. Ya miƙe, ya gangara, ya bi su. Bai ko cire takalmi ba.

Ruwa ya kai masa ƙauri.

"Mai Sunan Baba," ta ce. Bai waiwayo ba.

Ruwa ya kai gwiwa. Ta kira shi maigida. Ta kira shi Maidawa. Matan suka sake guɗa, a hankali, kamar masu yi mata dariya.

Ruwa ya kai ƙugu.

Ta san sunan. Yana nan a maƙogwaronta ya tokare. Shekara ashirin ana koya mata cewa 'yar halak ba ta faɗinsa, kuma bakin ya koyu har ya ƙi buɗuwa. Ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, tsoron a ce ruwa ya ci mata mutum na biyu tana tsaye tana kunya.

Ruwa ya kai ƙirji. Ta ga mijinta ya miƙa hannu biyu gaba, yadda ake miƙa wa babba.

Ta rufe ido.

"Bunyaminu!"

Murya biyu suka amsa. Ɗaya ta mijinta. Ɗaya daga ƙarƙashin ruwa, mai kauri, a gajiye, muryar da rabonta da ji tun tana 'yar shekara bakwai.

"Na'am."

Ƙafafunta suka so ɗaukar ta zuwa ga muryar. Taku ɗaya ta yi, ruwa ya taɓa lallenta, sanyinsa ya farkar da ita. Maidawa ya juyo yana haki, ido waje. Ta miƙa masa mayafinta ya kama, ta ja da iyakar ƙarfinta har ya faɗo kan tudu. Matan ba su bi su ba. Tsayawa suka yi suna kallo, kwanoni a ka.

Nan suka bar babur da jakunkuna. Suna cikin gudu suka jiyo kiran sallar magariba daga tunga, kwaɗi kuma suka ci gaba da kukansu.

Kwana uku Maidawa ya yi a ɗakin Shamsu zazzaɓi na dafa shi. Ran na huɗu ya gaya mata abin da ya tuna. Ya ce tsohuwar nan ta cikin ruwa ta ce masa saura surukinsa bai gaisar ba, kuma ya ga mutumin zaune yana miƙo hannu, hannun babu ɗan yatsan tsakiya. Sailuba ba ta taɓa gaya masa igiyar tarun kamun kifi ta cire wa babanta wannan yatsa ba. Limamin tungar ya ce matacce ba ya dawowa, mutanen ɓoye ne ke aron kama da murya. Ta yarda da maganarsa, amma hakan bai hana ta kuka ba.

Ba su je Kwatano ba. Ta ce ta ga ruwan da ya ishe ta.

Yanzu a unguwarsu a Bagudo mata na gulmar amaryar Maidawa, wai idonta ya bushe, sunan miji take kira gatsal a tsakar gida. Ba ta taɓa tanka musu ba. Kullum in rana ta kusa faɗuwa, in bai shigo ba, takan fito bakin zaure ta kira shi da sunansa na yanka. Sannan ta riƙe numfashi, ta kasa kunne, har sai ta tabbata murya ɗaya ce ta amsa.