Ram Ɗin da Aka Ba Tasi'u

Ku matso, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da abokina Tasi'u abin ya faru.

A wani asibitin karkara yake kula da kwamfuta. Tsohuwa ce, amma da ita ake fitar da sakamakon gwajin jini. Babbar manhajar da ke tuƙa ta ta lalace, sababbin kuma ba sa hawa kanta. Dole ya gina ta daga tushe. Marasa lafiya na kwance a baranda suna jira.

Kwana uku yana fama. Kwamfaila, mai juya rubutun mutum zuwa yaren inji, sai ya yi nisa ya faɗi. In ya sake, ya faɗi a wani wuri daban. In an tsallake nan, linka mai ɗinke guntayen ya mutu. Ya share komai, ya faro daga farko. Duk banza.

Ranar Juma'a, rana tsaka, ma'aikata suka tafi masallaci. Shi ya ce bari ya gwada sau ɗaya tukuna.

Ɗakin kwamfutar yana can baya, kusa da tsohuwar rijiya. Fanka ta tsaya, alhali akwai wuta. Sai ya ji sanyi a ƙeyarsa.

Ya waiga. Wani dattijo ne tsaye a bayansa, da farar riga. Bai yi sallama ba.

"Wuri ɗaya yake faɗuwa?" in ji shi.

"A'a, Baba. Kullum daban."

"To ba rubutun ba ne. Ƙwaƙwalwar injin ce ta ruɓe, wato ram. Cire ram na biyu."

Tasi'u ya lura da abu guda. Bakin mutumin yana rufewa kafin maganar ta iso.

Ya kashe injin, ya durƙusa ya kwance murfin. A nan ya ga ƙasa. Ƙura ta kwanta tun daga ƙofa, sawunsa kaɗai ne a kai. Rigar dattijon ta sauka har ƙasa, ba yatsa ko ɗaya a ƙarƙashinta.

Ya so ya karanta addu'a, harshensa ya yi nauyi.

"Guda ɗaya ba zai ishi linka ba," in ji dattijon. Ya miƙo masa wani ram, jiƙe, mai sanyi kamar daga ruwa aka tsamo shi. "Me za ka ba ni?"

Tasi'u so yake kawai ya tafi. "Duk abin da kake so, Baba."

Da ya ɗago, ba kowa. Fanka ta ci gaba da juyawa.

Ya so ya jefar da abin. Sai ya ji wata mata tana nishi a baranda. Ya goge ram ɗin da riga, ya cire na biyun, ya sa shi a gurbinsa.

Kafin la'asar ginin ya kammala, ba kuskure ko ɗaya. Aka fitar da sakamakon mutum goma sha ɗaya a ranar.

Da yamma ya koma gida. 'Yarsa mai shekara huɗu ta rugo ta rungume ƙafarsa. Ya buɗe baki zai kira ta, sunanta babu a kansa. Matarsa Lawisa ta faɗa masa, ya maimaita. Da safe ya sake tambaya.

An kai shi wurin malamai, an kai shi birni wurin likita. Komai yana tunawa, har lambar wayata. Ban da wannan.

Yanzu a tafin hannunsa yake rubuta sunan da biro, kullum bayan sallar asuba. Yarinyar ta fara iya karatu, jiya ta tambaye shi dalili.

In an kira salla ku tashi. Kuma kada wanda ya zauna a ɗakin baya shi kaɗai da rana tsaka.