Zanen Inna Delu

Dogara mai gyaran rediyo ya sha faɗa a ƙofar shagonsa cewa duk Birnin Zazzau babu aljanin da ya isa ya sa shi waiwaye. Wata Laraba cikin bazarar 1988 ma sai da ya maimaita.

"Ni fa na yi ilimin abin," in ji shi. "Ga Malam Kabir nan mai koyarwa a jami'a, can Kongo, shi ya warware mini. Babu wani aljani, duk a ƙwaƙwalwa ne."

"Haba Dogara, kada ka ja mini!" in ji Kabir, wanda ya zo karɓar rediyonsa. "Yaushe na ce babu aljanu? Cewa na yi zuciyar mutum gida ce mai wani ɗaki a kulle. Abin da ya firgita ka kana ƙarami har ka manta shi, ba fita ya yi ba. Yana ciki, wata rana sai ya buga ƙofa."

"To ni ɗakunana duk a buɗe suke, har kaji na shiga."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba. Da safen nan masu yaɓe suna gyaran rufin zaurensa kafin ruwa ya sauka, wani ƙunshi ya faɗo daga tsakanin azara. Ya yi wuf ya cusa shi a riga. Sai dai 'yarsa Mero, mai shekara goma sha shida, ta zo wucewa ta ga bakin zanen. Ta ɗan tsaya kamar wadda aka kira daga nesa, sannan ta wuce.

Zanen mahaifiyarsa ne, Inna Delu, baƙin saƙi da ya sha shuni. Da ta rasu, shekara goma sha biyu ke nan, aka ba shi ya kai wa Sailuba da ta yi mata wanka, kamar yadda aka saba. Bai kai ba. Matarsa Asama'u ta ce tana tsoron gifta ɗakin marigayiya, shi kuwa tsokana ta motsa masa. Da magariba ya lulluɓa da zanen ya tsaya bakin rijiya yana jiran ta. Ba ita ta fito ba. Mero ce, 'yar shekara huɗu. Ba ta yi ihu ba, kallo kawai ta yi. Kwana uku ba ta yi magana ba, daga nan ta koma wasanta. Shi kuma ya tura zanen a rufi, ya ce ai ya kai.

Yammacin Larabar nan gari ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Dogara ya dawo, ya laɓe a bayan ɗakin girki, don ya nuna wa kansa babu abin da ya dame shi. Ya tsinci tsakuwa uku ya wurga bisa kwano, ɗaya bayan ɗaya, yana jiran salatin Asama'u.

Ta huɗu ta faɗo. Ya dubi hannunsa, babu komai a ciki.

Ta biyar ta biyo, ta gangara a hankali har bakin indararo. Sannan gidan ya yi tsit. Da ya leƙo sai ya ga Mero tsaye bakin rijiya, ta ranƙwafa kamar mai ciwon baya. Ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito.

"Ina zanena?"

Kwana uku ba ta faɗi wata kalma ba sai wannan. Ba ta ci, ruwa ma sai an ɗura mata, har idanunta suka faɗa. Kullum rana ta yi ja, tsakuwa ta fara sauka. Kabir ya zo dubiya, ya ja Dogara gefe.

"Tsakaninka da Allah, wani abu ya taɓa firgita ta tana ƙarama?"

"Ko kusa. Zafi ne kawai."

Ya faɗa, ya kuma ji yadda yarinyar ke numfashi a ɗaki. Amma yaya mutum zai buɗe baki ya ce ya yi wasa da zanen uwarsa tun ba a yi arba'in ba?

Rana ta huɗu Asama'u ta aika unguwar Limancin Kona a ɗauko Malam Ƙasimu, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Dogara ya yanke shawarar ya fitar da zanen ya jefar bayan ganuwa. Ya naɗa shi a ƙugu, ya ɗora farar riga a kai. Yana sa ƙafa a zaure ya ci karo da Malam Ƙasimu, maƙwabta na biye.

"Ina zuwa, Dogara? Uban yarinya ba ya fita." Ya kama hannunsa ya mayar da shi ciki.

Aka shimfiɗa wa Mero tabarma a tsakar gida. Mata suka cika bakin ƙofofi, wasu na leƙe ta katanga. Malam ya zuba turare a kasko, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe rijiya. Gumi kuwa ya sauko wa Dogara kamar an kwara masa guga.

Can Mero ta miƙe zaune.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ba a raɗa mini suna ba. Shekara goma sha biyu ina zaune a lungu, ban dami kowa ba."

"Ta ina ka shiga?"

"Ta ido. Yarinyar ta ga matacciya a tsaye, can." Hannun Mero ya nuna rijiya.

Asama'u ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Kwana ukun nan da ta yi ba magana tana ƙarama!"

"Fita, ko in ci gaba da karatu," in ji Malam.

"Ci gaba, Malam. Sai ta ƙare a hannunka ina nan."

Malam ya sake tambaya. "To me kake so?"

"Zane ya je ga mai shi. Wanda ya tsaya a can kuma ya sake tsayawa, ya buɗe fuska ta gan shi."

Malam ya bi mutane da kallo. "Wa ya san wannan zance?"

Dogara ya yi wuf ya amsa. "Allah gafarta Malam, ai aljani maƙaryaci ne." Ya gyara ƙugu, ya share gumin fuskarsa.

Aka zuba masa ido. Shuni ya ja masa layi daga goshi har gemu, farar rigar kuma ta rine a ƙugu, zagaye guda.

"Ɗaga rigarka," in ji Malam.

Dogara ya dubi ƙofa. Ya dubi Mero, wuyanta ya zama kamar kara. Ya kwance zanen da kansa, ya lulluɓa, ya ja ƙafa zuwa bakin rijiya. Yarinyar ta saki ihun da ba ta yi ba tana 'yar shekara huɗu. Ya yaye lulluɓin da sauri.

"Ni ne, Mero. Wallahi ni ne. Wancan karon ma ni ne."

Ta yi atishawa sau uku. Ta daɗe tana kallonsa, sannan muryarta ta gaskiya ta fito, siririya.

"Baba? Ashe kai ne."

Ta juya ta ce wa uwarta tana son kunu. Magariba ta yi, ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo ba.

Dogara ya fara naɗe zanen zai mayar ƙarƙashin riga. Malam ya riƙe hannunsa.

"A'a. Sailuba na nan da ranta. A kafaɗa za ka ɗauka ka kai mata, kuma ta ƙofar shagonka za ka bi."

"Malam, in ɗan wanke fuska?"

"Kai dai tafi a haka," in ji Asama'u.