Kati Na Goma Sha Huɗu

Sauke hannunki daga gwangwanin nan, Juwairiya. Na ce sauke! Wa ya aike ki ƙarƙashin gadona? Kun yi kwana biyu a makaranta, yanzu duk takardar da kuka tsinta sai kun ɗaga kun karanta da ƙarfi kamar masu kiran fasinja a tasha. Kuma har kina da bakin tambayata abin da ke ciki. To, ku zauna. Kai ma Mubashshir, naɗe ƙafarka. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya sake tambaya jikinsa zai gaya masa.

Kun san Tabitha ta bayan katangarmu, uwar Tina da kuke zuwa ɗiban ruwa tare. Aikin kati take yi a ƙaramin asibitin gwamnati da ke kan hanyar Bahuli. Ba ta allura, ba ta ba da magani. Bayan taga take zama. Marar lafiya ya zo, ya jefa katinsa a akwatin katako da ke bakin tagar, ya zauna a benci. Ita kuma ta kife akwatin don na farkon zuwa ya dawo sama, ta kira suna da lamba, ta rubuta a rajista, ta buga hatimi, mutum ya shige wajen likita. Wanda ba a kira ba, ba ya shiga, ba ya kuma tafiya. Tun kafin a haife ku haka tsarin yake.

Bara waccan, lokacin girbin masara, ogansu Hammanjoda ya tare ta da la'asar sakaliya, ta riga ta rataya jaka.

"Madam Tabitha, gobe masu bincike za su zo daga Yola. Doka ta ce duk katin da ya taɓa shigowa gidan nan sai an same shi a rajista, an kuma same shi a kanta. Ba a ƙonawa, ba a zubarwa."

"Oga, nawa a jere suke. Zo ka duba."

"Na tsohon ɗaki fa?"

Ta sauke jakar daga kafaɗa.

Tsohon ɗakin kati a bayan asibitin yake, a kulle tun shekarar gudu. Ku ba ku san shekarar gudu ba, sai labari. Ranar da bindiga ta shigo Mubi, mutane tukunya suka bari a kan wuta. Da aka dawo aka tarar da kwanon ɗakin kwanciya na baya ya rufta, sai aka buɗe sabuwar taga a gaba, aka sa wa tsohon ɗakin kwaɗo, kowa ya kau da kai.

Tabitha ta san wannan ɗakin. A lokacin ba ta fara aiki ba. Safiyar ranar gudun tana kan bencin tsohon ɗakin, Tina na bayanta, 'yar wata huɗu, tana tari. Ita ce ta ƙarshen zuwa. Ta jefa kati, ko zama ba ta gyara ba aka ji harbi. Ta bi duwatsu har Kamaru da takalmi ƙafa ɗaya. Wa ke tuna kati a irin wannan rana?

"Oga, bari in yi da sassafe."

"Da sassafe suna nan. Akwati ɗaya ne fa, rabin awa kin gama. Idan suka sami giɓi, ni da ke ne."

Ya miƙa mata makulli, ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

Ni ban yi boko ba, ko alif na Bature ban sani ba, amma tun ina yarinya na san ba a kiran sunan mutum da almuru a wurin da babu kowa. Ita ma ta sani. Tsoron takardar tuhuma daga Yola ne ya fi ƙarfinta.

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da ta doke shi da dutse. Ƙofa ta buɗe da kuka. Warin kashin jemage da jiƙaƙƙiyar takarda ya daki hancinta. Gara ta cinye ƙafar tebur, ta yi gini har rabin bango. Amma akwatin yana nan a bakin taga, gara ba ta taɓa shi ba. Ta tura tagar don haske ya shigo. A waje ga dogon benci a ƙarƙashin rumfa, ciyawa ta tsiro tsakanin ƙafafunsa. Rana ta yi ja a kan dutse. Can nesa shanu na komawa gida, tana jin makiyayi yana yi musu magana.

Ta kife akwatin kamar yadda ta saba. Kati goma sha huɗu.

Ta buɗe rajista, ta ɗauki biro. Shekara takwas bakinta da hannunta tare suke aiki, ba ta iya rubuta suna ba tare da ta kira shi ba.

"Aishat Bobboi, lamba ɗaya."

"Na'am."

Biron ya tsaya.

Murya ce ta mace, a hankali, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Bencin ya yi ƙara, irin ƙarar da yake yi idan mutum ya tashi daga kansa.

Tabitha ta ɗaga ido.

Bencin a cike yake.

Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, hannuwa a kan gwiwa. Ga tsoho da sanda. Ga mace da tsumma ɗaure a ƙafa. Ga wani da hular kwano ta masu mashin a cinya. Tufafinsu sun koɗe, sun zama launin toka. Babu mai tari, babu mai korar sauro. Duk tagar suke kallo.

Macen da ta amsa ta riga ta iso bakin taga. Sanyi ya shigo tare da ita, da ƙanshin ƙasar da aka tona sabuwa. Tabitha ta gane fuskar. Mai sayar da ƙosai ce a bakin mayo, wato kogi. A kan hanyar Maiha aka binne ta, kwana biyu da gudu.

"Malama," in ji ta cikin raɗa, "buga mini. Na daɗe."

Hannun Tabitha ya ɗauki hatimin da kansa. Ya buga. Matar ta juya, ta bi baranda, ta shiga ƙofar ɗakin kwanciyar nan marar rufi. Ba ta fito ba.

Wasu sun ce fatalwa ne. Malamin unguwarmu ya ce aljanu ne suka ari kamannin mutane suka gaji layinsu. Ni ban damu da sunansu ba. Abin da na sani, an ce su jira, sun jira.

Tabitha ta ture kujera za ta tashi. Gwiwoyinta suka ƙi. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, sai ta ji bakin yana cewa:

"Aaron Zira, lamba biyu."

"Ga ni."

Sanda ta taɓa siminti. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Haka aka yi ta yi. Ta kira, a amsa, ta buga, a shige. Idan ta yi jinkiri sai bencin duka ya ɗauki raɗa, ba da faɗa ba, kamar masu roƙo.

"Malama, layi."

"Malama, rana ta tafi."

An kira sallar magariba a wani masallaci can ƙasa. Ta kasa kunne, ta riƙe muryar ladan kamar igiya. Iska ta juya ta ɗauke ta. Gyare ma ya yi shiru. Ba a jin komai sai bugun hatimi da numfashinta ita kaɗai.

Ta ce a ranta, matattu ne, bari in sallame su. Me zai rage?

Goma. Sha ɗaya. Sha biyu.

Benci ya zama wayam.

Saura kati biyu a hannunta, amma babu kowa a zaune. Ta ji sanyi a ranta, ta ɗauka an gama. Bakin bai gama ba.

"Zacharia Yaji, lamba sha uku."

Shiru.

Ta san Baba Zacharia. Ran Lahadin nan suka gaisa a ƙofar coci, yana mata tsiya wai asibitinsu farasitamol kawai suka iya bayarwa. Da ƙafarsa ya tsira a shekarar gudu, ya dawo ya ci gaba da nomansa.

Sai ga shi a kan bencin.

Singileti ce a jikinsa. Hannunsa na dama da miyar yakuwa, lomar tuwo a tsakanin yatsu. Yana waige-waige.

"Tabitha? 'Yata, me nake yi a nan? Yanzun nan nake cin abinci."

"Baba, kada ka amsa. Don Allah kada ka taso."

"Ai kin kira ni."

Ya taso. Ƙafafunsa suna jan sa, yana kallonsu kamar ba nasa ba. Ta danne hannunta na dama da na hagu. Hatimin ya sauka duk da haka.

Ya bi baranda yana waigenta. Lomar ta faɗi a siminti.

Saura ɗaya.

Ba sai ta duba ba. Ta san rubutun, ta san inda kusurwar ta lanƙwashe, ita ta lanƙwashe ta da yatsa tana rarrashin jaririya.

A ƙarshen bencin wani abu ya fara taruwa, kamar hayaƙin murhu.

Ƙananan ƙafafu. Silifas shuɗi, ɗaya an ɗaure da waya.

Rigar makaranta.

Tina tana murza ido.

Daga cikin ɗakin marar rufi muryoyi goma sha uku suka taso a tare, a hankali.

"Malama, saura ɗaya."

Harshenta ya hau bayan haƙora. Ta ji sunan yana hawowa daga ƙirji.

Ta cusa katin a baki ta datse shi da haƙora.

Sunan ya zo ya daki takarda ya tsaya. Ta yi ta gurnani kamar akuyar da aka shaƙe. Hannun dama yana laluben hatimi, ta kife teburin da gwiwa, ƙafar da gara ta ci ta karye, hatimi ya gangara cikin duhu. Gwiwoyinta suka sake ta. Da rarrafe ta kai ƙofa.

A baranda sanyi ya bi bayanta. Wani abu ya taɓa gefen zanenta, a hankali, yadda marar lafiya ke taɓa ma'aikaci don a tuna da shi.

Ba ta waiga ba.

Mai keke napep ɗin da ya ɗauko ta a bakin titi ya ce mahaukaciya ya zata, mace da takarda a baki tana nuna hanya da hannu. Nan ƙofata ta fara faɗowa, ni na riƙe ta muka shiga gidanta. Tina tana kwance a tabarma kusa da murhu, ido a buɗe, jiki kamar randa. Na zare katin daga bakin uwar da ƙyar, haƙoranta sun huda shi. Sai yarinyar ta ja numfashi.

"Mama, ba ki kira ni ba," in ji ta. "Kowa ya shiga, saura ni."

Da safe aka aiko cewa Baba Zacharia ya kife a kan kwanon tuwonsa da magariba, bai sake tashi ba.

Masu bincike suka zo kamar yadda aka ce. Hammanjoda ya tsince katuna a ƙasa ya jera musu. Babban cikinsu ya yaba da aikin, sha uku cif, ga hatimi ga komai. Sai ya juya na ƙarshe ya ga lambar ajiya ta nuna saura ɗaya.

"Madam, ina na sha huɗu?"

"Gara ta ci, yallaɓai."

"Gara ba ta cikin doka. Kati kayan gwamnati ne. A nemo shi, ko a buɗe sabo a kira mai shi a rufe layin."

Ya rubuta ya tafi. Bara ma ya dawo ya tambaya. Bana ma zai zo.

Kuna cewa me ya hana a ƙone? Kun fi mu wayo ke nan? Mun gwada. Ko kusa da garwashi ban kai shi ba Tina ta fasa ihu a ɗaki, bayanta ya tashi da ƙuna. Damina ta farko ya ɗan sha danshi, ta yi wata tana tari irin na jarirai. Shi ya sa na naɗe shi a leda uku na sa a gwangwanin madara.

Sau biyu ana ba Tabitha canjin wurin aiki zuwa cikin gari, da ƙarin girma, tana ƙi. Idan ta tashi, wata za ta zauna a tagar, mai son cika doka, ta buɗe sabon kati. Yanzu ba ta kiran suna da baki, da yatsa take nuna mutum. Tina kuwa kun gan ta da idonku. Rana na yin ja za ta bar wasa ta nemi dakali ta zauna, hannu a kan gwiwa, tana kallon wuri ɗaya, har a idar da salla. Kuna ce mata mai shiru-shiru. Layi take bi.

A duk unguwar nan ni Hapsatu aka kawo wa ajiyar nan, ba limami ba, ba fasto ba. Su sun iya karatu, ido zai iya faɗa musu a kai baki ya bi. Ni ko shekara zan yi ina kallonsa, tafiyar tururuwa kawai nake gani. A da, gidan nan babu mai karatu ko ɗaya, barci nake har da minshari. Yanzu ga ku.

Miƙo gwangwanin, Juwairiya. Da hannu biyu. Kau da idonki.

Daga yau a ƙuguna zai riƙa kwana. Ku tashi, kowa ya yi fitsari ya hau tabarmarsa. Kuma idan kun ji an kira ku daga waje, ko da muryata ce, ku bari sai na zo na taɓa ku da hannu. Mubashshir, kashe fitilar.