Jinin Lamba Arba'in da Ɗaya

Ku matso, ku rage murya. Ke Baraka, ajiye wayar nan ko in fasa. Ko Inna ban taɓa gaya wa wannan ba.

Lokacin ina aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti, ana binciken ciwon daji. Akwai wani akwatin gwaji da ake kawo mana daga waje, faranti ne mai ƙananan ramuka da 'yan kwalabe. Ka ɗiga jinin mara lafiya, ka jira, ruwan ya koma rawaya. Ƙarfin rawayar ke nuna yawan wani sinadari mai kai saƙo cikin ƙwayoyin jiki. Sharaɗinsa ɗaya, kada ya daɗe a wajen firij.

Ni kuwa na manta shi a kan tebur, wuni guda, ana tsananin zafi. Na yi gwajin haka nan da jinin wata mara lafiya mai lamba arba'in da ɗaya. Ko ɗigon rawaya babu, jinin kuma ya ƙare. Tsoron Farfesa, shugabanmu, ya kama ni. Wallahi da hannun nan na ƙirƙiri lambobi na cike takarda.

Ranar Juma'a da tsakar rana, maza sun tafi masallaci, saura ni kaɗai. Firij ya yi tsit, alhali akwai wuta. Sai ga wata tsohuwa a bayana. Ban ji buɗe ƙofa ba.

"'Yata, lamba arba'in da ɗaya. Me kika gani?"

Bakinta bai motsa ba. Na sunkuyar da kai. Yatsun ƙafarta baya suke kallo.

"Iya, ke ce mai jinin?"

"Mai jinin an kai ta makwancinta jiya. Shekara hamsin ina tare da ita. Har ta cika tana tambaya ko jininta ya amfani wani."

Ta ajiye 'yar kwalba a tafina, sanyi kamar ƙanƙara. Cike da jini, ga rubutuna a jiki.

"Ki sake. Ki faɗi gaskiya."

Na ɗago, babu kowa.

Na'am, Baraka? Ko na sake? Kayya! In na sake, dole in tona kaina gaban Farfesa. Na ce gobe, na ce jibi, har na bar aikin. Shekara huɗu ke nan, ƙaryata na nan cikin bincikensu likitoci suna karantawa. Kullum abin nan yana cina.

Don Allah kada ɗayanku ya yarda a bar shi shi kaɗai a wurin aiki ranar Juma'a da tsakar rana. Kuma ku daina tambayata abin da ke cikin gwangwanin nan na ƙasan firij ɗin Inna. Kwalbar tana ciki, ban iya zubarwa ba.