Igiyar Ƙulli Talatin da Ɗaya

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da sikelin filin jirgin ƙauyenmu a tsaunukan Simbu. Buhun gahawa ne, alade ne, tsohuwa ce za ta asibiti, duk wanda zai shiga ƙaramin jirgi sai ya hau sikelina tukuna. Na san nauyin kowa a garin nan fiye da yadda na san shekarunsa. Wannan sanin ne ya kashe min zuciya, kuma ƙanina Dama, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya yi min haka.

Ranar da dangi suka zauna kan karatunsa, Kawu Bomai ya tofar da jan yawun buai, goron da muke taunawa, ya ce, "Kai yaro, ɗan Gende makarantar tuƙin jirgi kawai ya yi, ya samo lasisi da rabin kuɗin nan. Digirin na mene ne? Takarda ce za ta ɗaga jirgin?"

"Kawu, ɗan Gende zai tsufa yana dakon dankali," in ji Dama. "Mai digiri shi ake ba manyan jirage. Shekara biyar na mayar wa kowa nasa ninki biyu."

Bakin Dama akwai zaƙi, muka yarda. Aka sayar da aladu, aka jinginar da gonaki biyu, aka haɗa kuɗi kina dubu ɗari uku. Kamar yadda muke yi, aka kawo igiya, kowane mai gudummawa ya zo ya yi ƙullinsa ana kiran sunansa. Aikin mai karɓa ne ya haddace na wane ne wanne, don kada ya manta da kowa in ya samu. Ni ina riƙe da alade a lokacin, sai matata Ambai ta ƙulla na gidanmu. Ƙulli talatin da ɗaya. Na lura Dama yana ta latsa waya, na ce yarinta ce.

Ya yi shekara huɗu a Brisbane ta Ostireliya ya dawo da takarda cikin gilas. Duk kamfanin da ya je tambaya ɗaya ce: awa nawa ka yi a sama? Yana da ɗari biyu, suna son dubu. Ɗan Gende kuwa ya daɗe da wuce dubu biyu, har ya yi gidan kwano. Shekara biyu Dama yana zaune, mata in sun wuce sai su ce, "Kyaftin, yau ina muka nufa?"

Abin da zan faɗa yanzu daga bakinsa na ji daga baya, ban ƙara gishiri ba.

Da tsakar rana ya gangara kwarin da ke bayan kogi, wurin wani boka da ba a kiran sunansa. Bukkar ba ta da ƙofa sai rami, da rarrafe ake shiga. A ciki an jera muƙamuƙan aladu a jikin ginshiƙi tun daga ƙasa har rufi, kowanne an shafa masa jan ƙasa. Tsakiya akwai baƙin dutse mai maiƙo, ƙudaje sun kewaye shi amma ko ɗaya bai sauka a kai ba. Ba wuta, amma ɗakin na warin gashi da ya ƙone.

Bokan ya karɓi takardar digirin ya jinjina ta a tafin hannu. "Nawa ka saye ta?"

"Dubu ɗari uku."

"Nawa ta kawo?"

"Ko kina ɗaya."

"An cuce ka, ba ta da nauyi. Me kuma ke cikin jakar?"

Ya zaro igiyar. Nan take ƙudajen suka yi tsit.

"Yauwa, ga abu mai nauyi. Ka bar min ita, ka sami jirginka na kanka. Lokaci lokaci zan kwance ƙulli ɗaya. Wanda na kwance nasa, kai za ka riƙa ɗaukarsa a jirginka, ba kuɗin kujera, ba sauka. Ranar za ka farka da nauyinsa a bakinka. Ka rage kaya daidai da haka."

"Baba, in kawo aladu goma mana."

"Ka ga na rasa muƙamuƙi?"

"To ƙulli biyar kawai."

"Su da suka ba ka, biyar suka ba ka?"

Dama ba jahili ba ne, ya gane sarai. Ya ce, "Na yarda, amma ban da na Inna."

"Na ji. Nuna min nata."

Ya bi igiyar da yatsa daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Duk iri ɗaya suke a idonsa. Ya dai nuna wani a tsakiya. Bokan ya yi dariya har da tari, ya ɗaura jan zare a wurin. Ku lura, Inna kaɗai ya roƙa wa. Ni da na goya shi zuwa makaranta, ko ambatona bai yi ba.

Wata bai cika ba wani tsohon ɗan Ostireliya mai jirgin haya ya kira shi, ya damƙa masa jirgin ya ce ya biya a hankali. Kwangila ta riƙa zuwa ta ko'ina. Dama ya gina wa Inna gida, ya fanso gonakin, ya saya min sabon sikeli. Kawu Bomai da kansa ya yi rawa ya ce ashe takarda na ɗaga jirgi.

Wata safiya Dama ya ce min, "Yaya Kaupa, daga yau ka rage kilo hamsin da takwas a lodi." Na ce to. Da yamma aka tsinci Kawu Bomai a gonarsa, zaune, ba rai, idonsa a sama. Bayan wata huɗu ya ce in ƙara rage saba'in da ɗaya, malamin makarantarmu ya faɗi matacce a gaban allo. Haka aka yi ta yi. Kaya na raguwa, kuɗi na ƙaruwa, tayoyin jirgin kullum a lotse. Matar Dama ta shiga sau ɗaya, ta fito tana cewa wa ya cika kujerun baya da mutane masu sanyin jiki. Tun ranar ba ta dawo hayyacinta ba, danginta suka zo suka tafi da ita.

Ni kuwa sakarai, ina rubuta lambobin da hannuna ban gane ba. Har ranar da ya ce sittin da huɗu muka binne Ambai, na ce ciwon ƙirji ne. Shi ya sayi akwatin gawar, ya rungume ni yana kuka, na gode masa.

Fasinja na goma sha uku ne ya buɗe min ido. Ya iso filin jirgi da safe fuska a murtuke ya ce, "Rage arba'in da bakwai." Mako guda kafin nan na ɗora Inna a sikeli za ta asibitin Goroka, har na tsokane ta na ce buhun gahawa ya fi ta. Na dube shi, sai lambobin baya suka jeru min da fuskokinsu.

"Dama, arba'in da bakwai Inna ce."

"Ba ita ba ce, Yaya. Na cire nata, an ɗaura jan zare."

"Ka cire nata daga me?"

Ban jira amsa ba na ruga gida. Na same ta bakin murhu, dankali na ƙonewa, hannunta har ya yi sanyi.

Bayan binnewa ya durƙusa ya faɗa min komai. Na ce, "Ƙullin da Ambai ta yi ai nawa ne ni, ka sani? Alade nake riƙe maka shi ya sa ta ƙulla." Ya ce zai tashi ya je ya karɓo igiyar, akwai fili kusa da kwarin. Na ga tayoyin sun kusa taɓa ƙarfe, na san abin da jirgin ke iya ɗauka, kuma na iya lissafi. Ya ce in cire masa katakon da ke tare tayar jirgin. Na cire, ban gargaɗe shi ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Jirgin ba kaya ko tsinke. Ya gangara filin nan har ƙarshe yana ruri, hancinsa bai ɗaga ba, ya auka cikin kwari.

Bai mutu ba. Yana nan, kullum da safe yakan jawo ƙafa ya zo ya hau sikelina, mutum duk ya rame kamar sanda, allurar ta tafi ta daki ƙarshe ta tsaya. Sai ya waiga bayansa ya ce su ɗan matsa. Igiyar tana can, saura ƙulli goma sha takwas, kuma ba wanda ya san na wa jan zaren ya kare.

Ku masu tara wa yaro kuɗin karatu, ku zauna ku yi lissafi da idon basira kafin ku sayar da alade. Kai kuma da aka tara maka, in takardar ba ta biya da wuri ba, ka ci kunyarka ka yi dakon dankali har awowinka su cika. Wanda kwaɗayi ya kai kwarin nan, jinin gidansu zai biya, kuma shi zai ɗauke su. Ni dai sikelin nan ban ƙara yarda wani nawa ya hau shi ba. Ba na son in san nauyin kowa.